Gwiwar 'yata ta yi ƙara a wajen ƙwallo amma hoto bai nuna komai ba

Tambaya: Salam likita. 'Yata shekararta 16, tana buga ƙwallon ƙafa. Kwanaki ta yi tsalle ta diro sai ta ji gwiwarta ta yi ƙas, kuma ba wanda ya taɓa ta, kafin dare ta kumbura sumtum. An yi hoton ƙashi aka ce ba karaya. Yanzu kumburin ya saɓe tana tafiyarta lafiya, sai dai in ta juya da sauri gwiwar ta kan kuɓuce mata. Ta dame ni wai za ta koma fili, in bar ta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A'a, kar ki bar ta tukuna. Ƙara, kumburi cikin 'yan awanni, sannan gwiwa tana kuɓucewa in an juya, ukun nan in suka haɗu abin da muke fara zargi shi ne tsinkewar jijiyar da ake kira ACL. Ban duba ta ba, toh ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma labarin ya yi kama sosai.

Ita jijiyar nan a can tsakiyar gwiwa take, ita ke riƙe ƙashin ƙwauri kar ya zame gaba ko ya murɗe a ƙarƙashin ƙashin cinya. Shi kuma hoton da aka yi mata ƙashi kawai yake gani, jijiya ba ta fitowa a ciki, kin ga don an ce ba karaya ba wai an ce lafiya lau ba ne. Likitan ƙashi zai kwantar da ita ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya ya jawo ƙwaurin gaba da ɗayan, in jijiyar na nan zai ji ta tokare, in ta tsinke sai ƙafar ta taho salalaf ba birki. Daga nan sai MRI, hoton da ke nuna jijiya da guringuntsi. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne ciwon yana lafawa bayan 'yan makonni, yarinya ta miƙe tana tafiya, a ce ai targaɗe ne ya warke, alhali duk kuɓucewar da gwiwar ke yi tana iya yaga guringuntsin da ke ciki, wannan kuwa shi ke jawo ciwon gwiwa tun mutum bai tsufa ba.

Kuma kar ki yi mamakin ba wanda ya taɓa ta, wajen kashi 70 cikin 100 na irin wannan raunin haka yake faruwa, dirowa ne ko birki ko juyi. Mata sun fi maza gamuwa da shi ninki 2 zuwa 8 a wasanni irin ƙwallon ƙafa da kwando, kuma tazarar tana fitowa ne bayan balaga. Akwai na halitta, faɗin ƙugu da ƙanƙantar jijiyar, ana kuma ta bincike kan sinadaran jikin mace. Ni dai inda na fi sa ido shi ne yadda ake dirowa, saboda shi ne ake iya gyarawa. Ki sa yarinya ta diro daga ɗan benci ki tsaya a gabanta, da yawa za ki ga sun diro da ƙafa a miƙe, gwiwoyi sun karkata ciki kamar za su gaisa, tsokar gaban cinya ta yi aikin duka ta baya na barci. Manya ma bai bar su ba, Alexia Putellas ta Sifen ta tsinke tata a Yulin 2022 ana gab da fara gasar Turai, Leah Williamson kyaftin ɗin Ingila kuma a Afrilun 2023, har ta rasa kofin duniya.

In an tabbatar ta tsinke, mai shekara 16 da ke son ci gaba da ƙwallo yawanci tiyata ake ba da shawara, a ɗebo jijiya daga bayan cinya ko gaban gwiwa a dasa a gurbin. Tiyatar ma ba ita ce wahalar ba, atisayen fiziyo ne, wata 9 zuwa 12 kafin a koma wasa, kuma masu gaggawar komawa su suka fi sake tsinkewa, wani sa'in ma ɗaya ƙafar.

Dan Allah ki yi wa kocinsu maganar FIFA 11+, ɗumin jiki ne na minti 20 da aka fito da shi a 2006, gudu da ƙarfafa cinya da tsayuwa kan ƙafa ɗaya da koyon dirowa da gwiwa a lanƙwashe. Ba ya buƙatar wasu na'urori, sau biyu a mako aƙalla, kuma yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kafin ku ga likita ba tsalle, ba gudu, ba juyi, tausa da murza kuma ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke. In gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa gaba ɗaya ko ta sake kumbura, kar ku jira ranar da aka ba ku, ku tafi asibiti a makon.