Amsa Kan Ɗingishin Doki da Al'adar Lalas

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni. Ka ce dokin da kake shirin hawa ranar Hawan Daushe ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta dama, masu kula da barga kuma sun ce a yi masa lalas a kafaɗa kamar yadda aka gada, kana tambaya ko ƙin yarda da hakan saɓa wa al'ada ne. Amsata ita ce kada ka bari a ɗora masa wuta, kuma ga dalilina.

Magabatanmu ba sa sayen doki sai sun tsuguna sun shafa ƙafafunsa na gaba tun daga gwiwa har kofato, sun ɗaga kowace sun duba tafinta, sannan a ja shi ya yi sassarfa suna kallo. Wannan ita ce al'adar da nake so ka riƙe, domin ilimin likitan dabbobi ya gaskata ta. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, saboda kai da wuya a kansu suke, ga nauyin mahayi da sirdi da kayan ado, ga kuma sukuwar jafi da ake birki farat ɗaya a gaban sarki. Shi ya sa ɗingishi ya fi yawa a gaba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kafaɗar doki ba ta haɗe da ƙirjinsa ta hanyar ƙashi irin namu, tsoka ce kawai ta rataye gangar jikin tsakanin ƙafafun biyu, kuma ba kasafai ciwo ke zama a can ba. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa babu tsoka ko kaɗan, sai ƙashi da jijiyoyi masu ƙarfi da ke bin bayan ƙafar, dokin kuma a kan yatsa ɗaya tak yake tsaye, wanda kofato ya lulluɓe. Mafi yawan ɗingishin gaba daga wannan yankin yake tasowa, musamman daga cikin kofato. Idan kofato na ciwo sai dokin ya taƙaita takunsa, mai kallo kuma ya ɗauka kafaɗa ce ta riƙe, a je a ƙone lafiyayyen wuri alhali ƙusa ko tsakuwa na can ƙasa tana tara ruwa.

Ka fara tabbatar da ƙafar tukuna. A ja shi da ragama sakwakwa a kan ƙasa mai tauri, ka tsaya a gabansa: zai ɗaga kai lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka, ya saukar idan lafiyayyar ta taka. Sannan ka dafa kofatan biyu ka ji wanne ya fi zafi, ka kankare tafin sosai, ka duba ɓangaren nan mai laushi na tsakiyar tafin, wanda ke ruɓewa yana wari idan doki ya daɗe tsaye cikin danshin turke, musamman da damina. Idan ka ga huda, ka gaggauta kiran likita, domin doki na cikin dabbobin da ciwon sandarewar jiki ke saurin kamawa ta irin wannan rauni.

Akwai kuma abin da nake zargi idan salla ta ƙarato, wato ɗura wa doki dawa da gero don ya yi ƙiba. Hatsi mai yawa lokaci guda yana kumbura naman da ke manne kofato da ƙashin ciki, sai ka ga dokin ya miƙa ƙafafun gaba yana jingina baya, ba ya son motsi. Wannan ciwo yana iya nakasa doki har abada, kuma matakin farko shi ne a janye hatsin, a tsayar da shi a kan yashi mai laushi, a sanyaya kofatan kafin likita ya iso.

Idan kuwa jijiyar bayan ƙafar ce ta kumbura, to ka haƙura da hawan bana, domin warkewarta kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. A ganina, dawakan da ake cewa lalas ya warkar, hutun dole da ƙunar ta jawo ne ya warkar da su, kuma ana iya ba doki hutu ba tare da an ƙone shi ba. Kada ka yarda a yi masa allurar kashe zafi don kawai ya fita a ayari, domin zai taka ƙafar da ƙarfinsa a kan kwalta, ƙaramin rauni ya zama babba.

Masu barga dattawa ne, ka yi musu magana da ladabi, ka nemi su tsaya tare da likitan yayin da yake matsa kofaton, domin su ma su ga inda dokin ke zabura. Idan abin ya gagara, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Hawan kuma ka ari doki a wurin 'yan'uwa, hakan ba abin kunya ba ne. Ka sanar da ni abin da likitan ya gano, ka kuma gaishe mini da mahaifiyarka.

Kawunka.