Kafin ka sha maganin wankin cikin nan

Ɗana, na ji tambayarka jiya da muka sauko daga atisayen dawakin tsere. Ka ce sikeli ya nuna ka ƙaru da kilo biyu cikin wata uku, wandonka ya fara ɗagewa daga idon sawu, kuma wani ya ba ka shawara ka riƙa shan maganin wankin ciki kana kwana da yunwa. Ban amsa maka a gaban yaran barga ba don maganar tana da tsawo.

An yi wani yaro, Frank Wootton, haifaffen Sidni ta Ostireliya a 1893. Mahaifinsa Richard mai horar da dawaki ne, a hannunsa ya koyi sana'ar. Yana ɗan ƙanƙani ya ci tserensa na farko a Afirka ta Kudu, daga nan suka koma Ingila suka kafa barga a Efsom. A 1909, bai wuce shekara 16 ba, ya zama zakaran mahayan Ingila, ya sha gaban manya irin su Danny Maher. Shekara huɗu a jere yana riƙe da kambun, har 1912. Cikin manyan tseren Ingila, ya ci Oaks a kan goɗiya Perola, ya ci St Leger ta 1910 a kan doki Swynford. A 1911 kaɗai tsere 187 ya lashe.

Sai jiki ya buɗe, kafaɗa ta yi faɗi, ƙashi ya yi nauyi. Yana wajen shekara 20 ya bar tseren fili. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma tseren tsallake shinge, inda dawaki ke ɗaukar nauyi mai yawa. Ya rasu a 1940.

Ka gane yadda abin yake. Kowane doki an yanka masa nauyin da zai ɗauka, da kai da sirdi da komai. In ba ka kai ba, a zuba darma a aljihun shimfiɗar sirdi. In ka wuce fa, me za a rage? Sai namanka. Shi ya sa masu dawaki ke rububin yara, balle a Ingila da ake yi wa ɗan koyo rangwamen nauyi har sai ya ci tsere 95. Ranar da rangwamen ya ƙare ake sanin wanda ake nema don hannunsa.

Shi kuma maganin nan, Fred Archer, shahararren mahayin Ingila, ya sha irinsa shekara da shekaru don dogo ne. A 1886 ya rame kansa don wani tsere, zazzaɓin taifot ya same shi jiki ba ƙwari, cikin zafin ciwo ya harbe kansa yana da shekara 29. Ni ma na taɓa naɗe jikina da leda, na ɗora rigar sanyi, na yi gudu da tsakar rana. Na cika awo kam. Amma a kwanar ƙarshe hannuna ya mutu, linzami yana zamewa, ina ganin fili bibbiyu. Allah ne ya tsare ban kayar da na bayana ba.

Don haka ba za ka sha ba. Ka bar lemon kwalba da soye-soye, ka ci tuwonka daidai, ka sha ruwa. Kowace Juma'a ni zan auna ka. In tsawo ne ke zuwa, ba mu da iko a kansa, ka hau iya abin da Allah ya rubuta maka.

Ƙanen Frank, Stanley, shi ma ya yi hawa, sannan ya zama mai horarwa a Efsom, kuma shi ya yaye Charlie Smirke da ya ci babban tseren Derby sau huɗu. Gobe bayan asuba ka same ni a barga, zan nuna maka yadda ake shafa jijiyar ƙafa a ji zafi tun kafin doki ya fara ɗingishi. Da akawalin nan na lungu za mu fara.