Ɗinki na tafiya amma kuɗi ba ya zama, ina matsalar take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a unguwar Mabera ta Sakkwato, cikin gida nake ɗinkin mata. Riga da siket ina karɓar 7,000, a wata nakan ɗinka kala 12, lokacin sallah ma har 30. Saboda masu neman ragi nakan ƙara kashi 20 a kan farashi in sun matsa in rage musu kashi 20. Amma wata na ƙarewa sai in ga ba komai a hannuna. Mi nake yi ba daidai ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa sana'a albarka. Bari mu fara da wannan kashi 20 ɗin don nan ne kuɗi ke zubewa ba ki sani ba. Kashi 20 na 7,000 shi ne 1,400, kin ce wa kwastoma 8,400. To in ta matsa kika rage kashi 20, a kan 8,400 ake ragewa ba a kan 7,000 ba, wato 1,680 ne ya fita, abin da ya shigo hannunki 6,720. Kin yi asarar 280 a kowace kala, sau 12 kuma 3,360 kenan a wata, kuma ke a ranki kin ɗauka kin koma farashinki. In kina son bayan ragin ki tsaya a 7,000 cif, ki raba 7,000 da 0.8 a kalkuletar waya, zai ba ki 8,750, shi za ki faɗa. In ragin kashi 10 ne ki raba da 0.9.

Amma gaskiya ba nan babbar matsalar take ba, ita kanta 7,000 ɗin ce nake tuhuma. Ba ki rubuto min abin da kike kashewa ba, don haka zan sa misali ke kuma ki musanya da naki na gaskiya. Mu ce zare da zif da lainin da gam suna cin 1,800 a kala ɗaya, wannan kowace tela ta san shi. Wanda ake mantawa shi ne kuɗin da ke fita ko an kawo ɗinki ko ba a kawo ba: man janareto 12,000, katin wuta 6,000, data ta tura wa kwastoma hoton sitayil a WhatsApp 4,000, allura da man keke da gawayin guga 2,000, duka 24,000 a wata. Kuma kin san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 man nan ba abin wasa ba ne, ga zafin Sakkwato na watan Afrilu da ba mai iya zama kan keke ba fanka. Ki raba 24,000 gida 12, kowace kala ta ɗauki 2,000. Kenan 7,000 a cire 1,800 a cire 2,000 saura 3,200, shi ne ladan hannunki da idonki da bayanki. Sau 12 ya kama 38,400 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wallahi abin nan yana damuna, na sha zama da mata masu sana'ar hannu mu buga lissafin nan sai ka ga mace ta yi shiru ta riƙe haɓa, shekara da shekaru tana aiki ashe rabin lada take karɓa.

In kina son 70,000 ɗin ta fito, ki raba ta gida 12, kusan 5,850, ki ɗora 3,800 na kashewa, farashi ya zama 9,650. Na san za ki ce kwastomomi za su gudu. Ba sai kin yi tsalle rana ɗaya ba, ki fara da sabbin kwastoma da ɗinki mai wahala irin na biki, mai son aikin gaggawa kuma ta biya kuɗin gaggawa.

Sai maganar sallah. Watan da kika ɗinka 30 kuɗi na shigowa da yawa sai mutum ya ɗauka haka za a ɗore, a yi ta cefane da anko da gudummawa daga ciki, bayan babbar sallah kuma kasuwa ta yi sanyi. Ki sami littafi mai layi na 'yan makaranta, shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita, har kuɗin cirar POS da naira 50 da ake cira a tiransifa ta 10,000 zuwa sama ki rubuta. Kuɗin ɗinki su zauna a akawun ko asusu daban, ki yanka wa kanki abin da za ki riƙa ɗauka duk Juma'a, in kin ara don cefanen gida ki rubuta shi bashi ne ko da maigida ne ya ce a ara. Ki yi haka wata biyu ki sake turo min alƙaluman naki, mu fitar da farashinki na gaskiya tare.