Kafin ka rufe, biya bashi tukuna

Ɗan'uwa, ka ce za ka rufe kamfaninka na jagoran baƙi a Yamai, kana tambaya yadda za ka yi da mabiyanka na Facebook. Ban ga laifinka ba. Tun harin Kure na Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, masu zuwa kallon raƙumin dawa suka ja baya, juyin mulkin Yulin 2023 kuma ya ƙarasa sauran.

Fara da kuɗin mutane. Duk wanda ya ba da kafin alƙalami, mayar masa, ko jikka ɗaya ce, ka sallami direbobinka. Sannan ka je ofishin lanho da lambarka ta biyan haraji, wato NIF, ka sanar ka daina aiki, a kuma soke rajistarka ta kasuwanci. In ka yi shiru, a takarda kana nan kana ciniki, haraji na taruwa.

Shafin kuwa, ni dai ba zan goge shi ba. Hotunan gandun dajin Parc W da na kwalekwale a kogin Kwara na mutane ne ma. Sanar da mabiyanka wata guda kafin ka bar shi, cire lambar wayarka, ka damƙa shi ga amintacce. Kada ka sayar wa ɗan talla, amana suka ba ka.