Amsar Anti kan gado da bargon amaryar da za a kai Jos

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Ƙanwata, na ga saƙonki tun da la'asar, hidima ce ta sha kaina, kuma abin ya fi ƙarfin rubutu shi ya sa na ce bari in yi murya. Kin ce a watan Disamba za a kai yarinyar nan Jos, kuɗin kayan ɗaki sun ja baya, kina wasi-wasi ko a ƙara wa gado kuɗi ko a jibgo manyan barguna saboda sanyin garin. To Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya.

Ni dai in za ki bi ta tawa, gado shi ne na ƙarshe a lissafi. Gadon nan mai allon kai kamar ƙofar fada, da madubi da 'yan fitilu, na 'yan ganin ɗaki ne. Kwana bakwai an gama kallonsa, kuma ba a kan allon za ta kwanta ba. Ki dai tabbatar katakon busasshe ne, sannan ki sa kafinta ya jera katakan da katifa ke zama a kai kusa da kusa. In ya bar tazara don ya ci riba, katifar za ta riƙa lotsawa a tsakani. Shi ke nan maganar gado.

Kuɗin ki kai su kan katifa. Nan ne mutanenmu ke ruɗewa, wai sai mai inci 18 ko inci 20, a shigo a ga amarya sai ta taka kujera kafin ta hau. Tsayi ba shi ne ƙarko ba, nauyin soson shi ne magana. Mai inci 10 ko 12 mai soso cunkus ta fi mai inci 20 da ke cike da iska. Idan kin je, kada ki ji kunyar mai shago. Ki ɗaga kusurwarta ki ji nauyi, ki zauna a bakinta ki ɗan jima, ki miƙe ki duba. In ta dawo daidai nan take, madalla. In gurbin zamanki ya tsaya yana kallonki, ki yi gaba. Su Vitafoam da Mouka ɗin ma da ake kira, kowanne yana da aji-aji, don haka suna kaɗai bai isa ba, ki tambayi wane aji ne, kuma ki saya wurin dilansu. Ni wannan ya taɓa ci na. Na ga doguwa mai kyan yadi a wani shago, na yi ta murnar na samu araha, wallahi shekara ba ta zagayo ba tsakiyarta ta zama kwarin kwano, ni da Alhaji kullum sai mu gangaro mu haɗu a rami, ga ciwon baya da asuba.

Af, kafin in manta, a auna ɗakin tukuna. Kada a ɗauko shida da shida, wato gado mai tsawo da faɗi ƙafa shida-shida, a je ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Sai ledar da ke jikin katifa. Don Allah ki ce mata ta cire. Na san dalilin barinta, tsoron datti da fitsarin yara nan gaba. Amma leda ba ta shan gumi, sai mutum ya jiƙe cikin dare, can wajen ƙarfe huɗu gumin ya huce, sanyi ya kama shi daga ƙasa alhali yana lulluɓe. Ga ƙaran tsiya duk juyin da aka yi. A sa mata riga ta yadi mai kauri wadda za a iya cirewa a wanke.

Yauwa, maganar sanyi. Jos a kan tudu take, wajen mita 1,200 sama da teku, shi ya sa darenta ba irin na Kano ba ne. Disamba da Janairu abin ba a magana, kuma ko da damina ana jan bargo. Amma abin da mutane ba su lura da shi ba, sanyi ta ƙasa yake fara cin mutum. Ku tuna gadon ƙasa na Kaka a ƙauye, wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa da magariba? Luru ɗaya take rufa da shi ta kwana lafiya, don bayanta a ɗumi yake. To ita ma ta shimfiɗa bargo mara nauyi a kan katifa, sannan ta ɗora zanin gado a kansa. In ɗakin tayil ne, a sa kafet ko da a gaban gadon ne kawai.

Zanin gado kuma na auduga. Mai sheƙin nan mai santsi a bar shi na ado da rana, don da dare kamar ka kwanta a kan ƙanƙara yake, bargon ma zamewa yake yi ya faɗi. Bargo kuwa, matsakaita biyu sun fi jibgege ɗaya. Iskar da ke maƙale tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi, kuma in zafin Maris ya shigo sai ta naɗe ɗaya ta ajiye. Jibgegen nan in ya sha ruwa mutum biyu ba sa iya matse shi, ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Ki shiga Kantin Kwari ki zaga, kada ki tsaya a shagon farko, ki murza bargon da hannu, in gashinsa na biyo yatsunki ki ajiye. In kuma gwanjo aljihu ya kai, ba abin kunya ba ne, akwai masu kyau, sai dai a wanke da ruwa mai zafi sosai a shanya a rana, a duba bakin ɗinki saboda kuɗin cizo. In ya shiga sabon gado, fitar da shi yaƙi ne.

Abu ɗaya da nake roƙonki ki ja mata kunne a kai, ita da mijin: kada sanyi ya sa su shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga su kwanta. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, mutum na barci take tafiya da shi. Haka janareta a bakin taga. Gara safa da hular sanyi, ta shafa man kaɗanya a ƙafa kafin ta sa safar.

Matashin kai kuma kada ki saya, ina da audugar rimi da aka kawo mini daga ƙauye, zan sa a ɗinka mata guda huɗu. Ki turo yaro ranar Asabar ya karɓa. Sai da safenku.