Amsa ga mai tambaya kan ƙaninsa da ya daina ɗaga waya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, murya zan yi, don in na ce sai na rubuta ba zan gama ba. Ɗan uwanmu ne ya rubuto daren jiya a kan ƙaninsa. Ya ce tun da aka sallame shi daga aiki, maganar aurensa kuma ta watse, yaron ya daina ɗaga waya, ya daina shiga cikin abokai, in an yi masa magana sai faɗa, har ya ce masa wai "ai kowa ya gaji da ni". Yana tambaya ko girman kai ne. Na ga wasu sun ce a rabu da shi zai sauko, wani kuma ya ce rashin tawakkali ne. To ɗan uwa, don Allah kar ka rabu da shi.

Ni ba likita ba ne. Abin da ya sa na buɗe baki, na taɓa zama wannan ƙanin naka. Lokacin da harkata ta tsaya, wayata kife take wuni. Tana ruri ina kallonta har ta katse. Ba wai ba na son mai kiran ba ne, wallahi ina sonsa. Tsoron da nake ji shi ne in ɗaga, in ji muryarsa ta canza, in ji wannan "ya ake ciki?" na tausayi. In kuwa ni na tura saƙo, alamar nan shuɗiya ta nuna an karanta ba a amsa ba, to ranar ba barci. Sai in kwana ina lissafin me na taɓa yi masa. Akwai ranar da na daure na fita, na nufi inda abokaina suke zama. Tun daga nesa na jiyo sun fashe da dariya. Ƙafata ta tsaya. Na juya na koma gida, zuciyata ta gama yanke cewa da ni suke. Ashe ba su ma hango ni ba.

Ka ga inda masifar take? Kana tsoron a guje ka, sai ka riga kowa gudu. Su kuma su kira sau biyar, sau goma, su gaji, su ce wane ya canza, ya fara ji da kai. Kiran ya ragu. Kai kuma a ɗaki ka ce: ka gani ko, dama na sani. Da hannunka ka jawo abin da kake tsoro, ba tare da ka sani ba.

Bayan na samu sauƙi na zauna na yi ta karatu, don in gane me ya same ni. Ashe masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin abin. Tun 1996 wasu masana biyu a Amurka, Geraldine Downey da Scott Feldman, suka bayyana shi: mutum ya zauna cikin fargabar za a ƙi shi, ya riƙa hango alamar ƙi ko inda babu ita, sannan ya ɗauki abin da zafi fiye da kima. Kamar ni suka zauna suka kalla. A 2003 kuma Naomi Eisenberger da abokan aikinta suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta da wasu mutum biyu. Ana cikin wasa sai biyun nan suka daina jefo musu. Wasa ne fa, ba kuɗi ba komai. Amma sashen ƙwaƙwalwar da ke motsawa in mutum yana jin azabar ciwo a jiki, shi ma ya motsa. Wato in ƙaninka ya ce abin yana masa ciwo, ciwon yake nufi, ba shagwaɓa ba.

To mu maza a nan ne muka fi shan wahala. Tun yaro yana ƙarami ake ce masa namiji ba ya kuka, yi ta maza. Ya girma darajarsa a idon kansa ta rataya a kan abin da yake iya kawowa. Ranar da hannu ya bushe, sai ya ga kamar ba shi da kujerar zama a cikin mutane. Kuma ba zai ce "ina cikin ƙunci" ba, don faɗin ma wata ƙofar raini ce a wurinsa. Sai abin ya fito ta wata hanya: saurin fushi, tsawa a kan yara, tuƙin ganganci, wani ya faɗa shaye-shaye, wani ya binne kansa cikin aiki dare da rana. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin manya, kusan kashi 4 cikin 100 na maza ne ke da ciwon damuwa, mata kashi 6. Amma a 2013 wani bincike a Amurka, na Lisa Martin da abokan aikinta, da aka haɗa da irin waɗannan alamomi na fushi da shaye-shaye, sai tazarar ta kusa ɓacewa: maza kusan kashi 31, mata kashi 33 cikin 100 ne suka taɓa fama da shi. Abin da ya fi tsaya min a rai kuma, sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Shi ya sa maganar nan tasa ta "kowa ya gaji da ni" ban ɗauke ta da wasa ba. In mutum ya fara ganin kansa a matsayin kaya a wuyan mutane, wurin haɗari ya kai.

Maganar tawakkali kuwa, ɗan uwa da ka faɗa, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Amma mai hawan jini ma yana addu'a yana shan maganinsa, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. In ka ce wa mai wannan ciwo imaninsa ne ya ragu, ka ƙara masa wani laifin da zai kwana yana tuhumar kansa da shi.

Ni abin da ya fitar da ni, aboki ɗaya ne da ya ƙi gajiya. Ya bar kira, ya zo da ƙafarsa. Dama zumunta a ƙafa take. Bai yi min wa'azi ba, bai tambaye ni me ya sa ba na ɗaga waya ba. Ya ce zo ka raka ni nan kusa. Muka yi tafiya kusan rabin awa, yawancinta shiru. Bayan kwana biyu ya dawo. A zuwa na huɗu ko na biyar ne, muna tafe ba ma kallon juna, bakina ya buɗe. Namiji ya fi iya magana in kuna gefe da gefe, ba ido cikin ido ba. Shi ne ya raka ni wurin likita, ya zauna a waje har na fito.

Don haka ka duba: in ya kai sati biyu kusan kullum yana cikin ƙunci, abin da yake so a da ya fita ransa, barci ya lalace, cin abinci ya canza, to lokacin ganin likita ya yi. Ana warkewa, ta hanyar zaman tattaunawa da masani, ko magani, ko duka biyun. Maganin yana ɗaukar makonni kafin a ji aikinsa, kar ya yar da shi a kwana biyar ya ce ba ya yi. Kuma ka tambaye shi kai tsaye, da taushin murya: "Kana tunanin kashe kanka?" Na san bakinka zai yi nauyi. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa, ya ji an ga halin da yake ciki. In ya ce eh, kar ka bar shi shi kaɗai, ka kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ku tafi asibiti a ranar.

Zai iya ƙin buɗe maka ƙofa, zai iya gaya maka baƙar magana. Kar ka yi zuciya. Ka ce masa ta bayan ƙofar, "Gobe zan dawo," kuma ka dawo ɗin. Muryar ta yi tsawo, bari in tsaya nan. In kana so mu je tare, kira ni bayan an tashi aiki.