Zauren Masu Aikin Hannu: Tsohuwar Motar Tsere a Kan Tebur

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Yayana ne ya kawo mini tsarabar wani kwali daga Amurka, cike da gutsattsarin roba da ake harhaɗawa su zama 'yar ƙaramar mota. An rubuta Willys 1941 a jiki, da lamba 1/25. Abin da ya dame ni, a hoton kwalin gaban motar ya ɗaga sama, tayoyin gaba sirara, na baya ƙatta, ni dai ban ga kyanta ba. Ina so in sauke gaban ƙasa, in sa mata faffaɗan wili irin na motocin yanzu. Yaya zan yi? Kuma me zan ƙara wa injin ya yi kama da na gaske? (Ɗalibi daga Samaru, Zariya)

AMSA: Ɗana, motarka ce, ba mai riƙe maka hannu. Amma ajiye rezar nan tukuna ka ji abin da ya sa gabanta ya ɗaga.

Wannan mota ta tseren miƙe ce. Motoci biyu ake jerawa a layi, a ba su alama, su fizga a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402. Babu kwana, babu zagaye. A Kalifoniya abin ya yi ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a kwashe samari daga kan titi a kai su fili mai doka. Taka tana cikin ajin da suke kira Gasser, motoci masu bodin motar gida da ke shan fetur zalla. Tauraronsu ya haska ne daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar na 1960, lokacin da ƙungiyar ta hana amfani da man naitiro, wani man tsere da ya fi fetur ƙarfi, a gasanninta, daga 1957 zuwa 1963.

Ita Willys ɗin, asalinta motar talaka ce mai silinda huɗu, ƙirar kamfanin da ya yi jif ɗin sojan Amurka a garin Toledo. 'Yan tsere sun so ta ne saboda gajarta da rashin nauyi. Sai su tsige ɗan injinta su dasa ƙato mai silinda takwas na Oldsmobile ko Chrysler. Matsalarsu ɗaya: tayoyin wancan zamani tauri gare su, ba sa kama kwalta. Direba na sakin kuloci sai taya ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana hayaƙi. Maganin da suka samo shi ne su ɗaga gaban mota da injin, ta yadda da ta zabura nauyi zai zube kan tayoyin baya ya danne su. Har sai da aka sa doka cewa tsakiyar karanshaf kada ta wuce inci 24 daga ƙasa, don wasu sun so su wuce gona da iri. Da aka samu tayoyi masu laushi a ƙarshen shekarun 1960, motocin da kansu suka sauko. To ka ga, in ka sauke gaban ka sa wilin zamani, ka haɗa wa mai babbar riga da rawani takalmin ƙwallo. A ganina ka bar ta yadda take. Nemi hotunan motar Stone, Woods da Cook a intanet ka ƙare musu kallo: Fred Stone da Leonard Woods baƙaƙen fata ne masu motar, Doug Cook farar fata shi ke tuƙi, a shekarun da irin wannan haɗin gwiwa ke da wuya a Amurka. Zaɓi hoton shekara ɗaya ka bi shi, kada ka tsinto fenti daga nan, wili daga can.

Ga wani lissafi da zai sauƙaƙa maka komai. A ma'aunin 1/25, inci ɗaya na motar gaske kusan milimita ɗaya ne a taka. Tazarar tayar gaba da ta baya a Willys ta 1941 inci 104 ce, saboda haka ka sa rula, ya kamata ka ga wajen milimita 105. Dokar inci 24 ɗin nan kuwa ta zama milimita 24.

Kafin gam ya taɓa komai, haɗa shasi da tayoyi da bodi da ɗan salatif, ka ajiye a kan gilashi, ka durƙusa idonka ya yi daidai da tebur. Tayoyi huɗun duka su taɓa ƙasa, na baya su zauna tsakiyar ramin madigadi. In tsayuwar mota ta karkace, duk adon da ka yi wa inji ba mai gani. Kada kuma ka cire fitilun gaba da kujera ta biyu da sunan rage nauyi, domin a farkon shekarun ajin doka ta ce sai mota ta kasance da kayan hawa titi.

Yanzu inji. Abin da ya fi tona asirin motar kwali shi ne ƙyallin azurfar da aka shafa wa kayan injin, ya yi yawa, kuma gam ba ya kama shi. Ciro akwatin hura iska da ke saman injin da murafen gefe, ka jiƙa su cikin bilic na wanki a kofi mai murfi. Ƙyallin zai narke ya bar roba tsirara. Wanke, ka bari su bushe, ka shafa fentin alminiyam mara sheƙi. Sannan ka tsinka baƙin fenti sosai ya zama ruwa-ruwa, ka ɗiga da bakin buroshi, ya bi tsagogin da kansa ya kwanta. Nan take haƙarƙarin akwatin za su fito. Wannan akwati, a motar gaske, daga injin dizal na GMC aka ciro shi, mai lamba 6-71, wato silinda shida kowace mai cin inci kubik 71. Kayan manyan motoci ne, ba kayan ado ba, don haka dishi-dishi ya fi dacewa da shi.

Sai wayoyin filogi, waɗanda kamfani ba ya sakawa a kwali. Ta gaske kaurinta milimita 7 ne, taka ke nan ba za ta kai sulusin milimita ba. Fasa tsohuwar wayar iyafis ko ta caja, akwai sirara a ciki da suka yi daidai. Huda ramuka da ɗan mahuji na hannu, ko allura in babu, amma juya ta za ka yi a hankali, kada ka ɗora ta a wuta. In injinka Hemi na Chrysler ne, wayoyin ta tsakiyar murfin gefe suke shiga, huɗu kowane ɓari. Silindu masu lamba 1, 3, 5, 7 suna ɓangaren direba, wato hagu, sauran suna dama, kuma wuta na bin su a jere haka: 1-8-4-3-6-5-7-2. Mutum ɗaya cikin ɗari ne zai lura ka bi jerin, amma bakanike in ya lura sai ya sake kallonka. Ka bar wayoyin su ɗan saki, su lanƙwasa ƙasa da nauyinsu. Masu koyo kan ja su su miƙe ƙyam, ko su bar su sun yi tsalle sama, duka biyun ba haka suke a mota ba.

Bututun hayaƙi kuwa, in na kwalin bai yi maka ba, je wurin mai gyaran rediyo ka sayi wayar dalma mai kaurin milimita 2, daidai da bututu mai inci biyu. Tana lanƙwasuwa da yatsa kuma tana tsayawa inda ka bar ta. Huɗu kowane gefe, su fito ta bayan tayar gaba. Wanke hannu bayan ka gama, dalma guba ce. Tayoyin baya ka goge fuskarsu da sanfefa har layin tsakiya ya ɓace, sheƙin ya mutu. Gilasai kuma da farin gam na kafintoci za ka manna su. Sufa gulu yana fitar da tururi mai barin farin hazo a gilashi, kuma ba ya goguwa.

TAMBAYA: Malam, ni mai fentin motoci ne, shekara da shekaru. Na fesa wa irin wannan 'yar mota ragowar jan fentin da na yi aiki da shi a gareji, sai bodin ya yamutse, ya yi ƙuraje. Ina kuskuren yake? (Mai fenti daga Maraɗi)

AMSA: Maigida, hannunka lafiya lau, tina ce ta ci robar. Waɗannan motoci da robar folistirin ake yin su, kuma tinar fentin mota narkar da ita take yi. Ƙarfe ka saba fesawa, shi ba ruwansa. In yamutsewar ba ta yi zurfi ba, bar bodin ya yi mako guda ya ƙame, ka bi shi da sanfefa mai lamba 600 da ruwa, sannan 1000. In ta ci layukan ƙofa da na murfin inji, sai haƙuri.

Nan gaba ka fara wanke bodin da sabulu, ka sa fentin share fage wanda roba ke jurewa, shafi biyu ko uku marasa kauri, kana tsayawa tsakani. Launin ma haka, daga nesa kamar taƙi guda, feshin farko ya zama yayyafi kawai. Kowane fenti ka gwada shi tukuna a kan sandunan robar da kayan suka zo a maƙale da su. In jan da kake nema irin mai zurfin nan ne na Willys ɗin tsere ta Big John Mazmanian, ba a samun sa da shafi ɗaya: ruwan zinariya ko azurfa ake sawa a ƙasa, a bi da ja mai shara-shara a kai. Sauran ka fi ni sani. Ƙurar hunturu ba ta da tausayi, ka kifa roba mai tsabta a kan motar da zarar ka gama feshi. Ranar da hadari ya haɗu kuma ka haƙura, danshi na sa fenti ya yi fari. Abu ɗaya dai da ya bambanta da gareji: kada ka shanya ta a rana, zafin Maraɗi zai lanƙwasa rufin.

TAMBAYA: Kawu, sitikun da ke cikin kwalina sun ƙi ɓantaruwa daga takarda, da na ja ɗaya sai ta yage. (Daga Jos)

AMSA: Ba a ɓantarar su, ɗana. Yanke kowace daban, tsoma a ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙu, ajiye ta minti ɗaya, sai ka zame ta daga takardar zuwa jikin motar, ka danne da auduga. A kan fenti mai sheƙi ake sa su, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙasa su yi fari-fari. In kwalin tsoho ne sosai, fesa wa takardar fenti mara launi tukuna, zai riƙe su kada su farfashe.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara goma sha uku ba shi da aiki sai ƙera motar gwangwani da ta langa-langa. Ya ga waɗannan motocin tsere a wayar babansa ya tasa ni gaba sai na saya masa kwalin. Na tambaya a kasuwa babu, wanda za a yi oda kuma kuɗin ya fi ƙarfina. Akwai dabara? (Mahaifiya daga Kano)

AMSA: Hajiya, akwai, kuma yaron da ya iya lanƙwasa langa-langa ya riga masu kwali nisa. Kada ya fara da Willys, bodinta duk kumbure-kumbure ne, gwangwani ba zai ba shi ba. Ya nemi hoton doguwar motar tseren nan ta shekarun 1960 mai inji a gaba, wadda direba ke zama can ƙarshe, bayan tayoyin baya, ƙafafunsa bisa akwatin giya. Kusan dukkanta bututun ƙarfe ne a fili, sai inji, sai 'yar fallen alminiyam da ta rufe direba. Tayoyin gabanta ma irin na babur ne masu sifok. Wayar ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya da rabi ta isa shasi, gwangwanin lemo ya isa bodi, injin kuma ya sassaƙa shi daga guntun katako mai laushi. Ya zana motar a takarda da ma'aunin inci ɗaya milimita ɗaya kafin ya yanka komai, a nan ne zai bambanta da motar wasa.

Ki ba shi labarin da ya sa aka daina irin wannan ƙira, zai so shi. A watan Maris na 1970, a filin Lions da ke Kalifoniya, akwatin giyar motar direban tsere Don Garlits ya fashe a wurin tashi, ya raba motar biyu, ya tafi da wani ɓangare na ƙafarsa ta dama. Da ya warke sai ya ƙera wata mai inji a bayan direba, ya ci babbar gasar Pomona da ita a farkon 1971, kuma cikin 'yan shekaru kowa ya koma haka. In ya gama ta farkon, ta biyun ce aikinsa na gaba, ya jera su a ga bambanci.

Ki dai sa ido a kan abu biyu. Bakin gwangwani yana yanka, ya riƙa naɗe gefen ciki da filaya. Feshin fenti kuma a tsakar gida, da takunkumi, nesa da murhu.